Yadda ake kindirmon akuya na awa 24 don mai ciwon hanji

Shekara ta huɗu ke nan ina haɗa wannan nono a gidana nan Tawa, sau biyu a sati. Dalilin maigida na fara. Likita a Yamai ya ce masa gyambon babban hanji gare shi, irin mai lafawa ya sake tasowa, aka ɗora shi kan magani. Daga baya wani ƙaninsa mai aikin jinya ya kawo mana labarin wani tsarin abinci da ake kira SCD. Wani likitan yara na Amurka, Sidney Haas, shi ya ɗora tubalinsa tun wajajen 1924, sai wata mata, Elaine Gottschall, ta yaɗa shi bayan 'yarta ta samu sauƙi a hannunsa. Tsarin ya hana hatsi kowane iri, ya hana rogo da dankali, ya hana sukari, ya hana madara. Nono kuwa an yarda da shi bisa sharaɗi guda: ya kwana ya wuni yana tsami, awa 24 cur, cikin ɗumi tsakanin digiri 38 da 43.

Ga hikimar abin. A cikin madara akwai wani sukari, laktos, wanda hanjin mutane da yawa ba ya iya narkarwa, shi ke kawo kumburi da ƙugi da zawo. Ƙwayoyin da ke sa nono tsami wannan sukarin suke ci. Kindirmon da muka saba, na dare guda, ba su gama cinsa ba ake sauke shi. In aka ba su yini da kwana sukan rage shi sosai. Masu tsarin na cewa ya ƙare ƙaf. Ni abin da zan ce shi ne ya ragu har cikin maigida ya daina ƙorafi. Kuma kada kowa ya ajiye maganinsa saboda nono. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021, kan masu ciwon hanjin da ake kira Kuron, ya nuna tsarin bai fi abincin mutanen gaɓar Bahar Rum amfani ba, ko da yake da yawa sun ji sauƙi a ɓangarorin biyu. Taimako ne, likita na nan a matsayinsa.

Kayan aiki

Madarar akuya lita 2, ta safiyar ranar.
Iri, wato ɗan nonon da za a zuba ya kama.
Tukunya mai kaurin gindi. Ta inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ko langa wadda ba ta ɓantare ba ta fi. Ta dalma za ta yi wajen dafawa, amma kada nonon ya kwana a cikinta, tsami na cin dalma.
Kwalabe masu faɗin baki da murfi. Na mayonez da aka wanke tas suna yi.
Ma'aunin zafi na girki, mai kaiwa digiri 100. Na farmasi da ake sa wa a hammata iyakarsa wajen 42, bai isa dafuwa ba, amma zai taimake ki wajen duba ruwan ɗumi.
Gilasiya, irin ta masu sayar da ƙanƙara, wadda murfinta ke kamawa.
Ludayi ko cokalin ƙarfe, rariya, da farin ƙyalle mai laushi wanda ba a yin komai da shi sai wannan aiki.
Babbar roba ta sanyaya tukunya, da bargo in lokacin dari ne.

Ƙwarya da ludayin duma ki bar su gefe. Na san nonon ƙwarya ya fi ƙamshi, ba mai musun wannan, amma ƙwarya na riƙe ƙwayoyinta na kanta a cikin ɓawo, masu kyau da marasa kyau, kuma mai gyambo a hanji ba a yi masa caca.

Maganar madara

Nan aikin yake lalacewa tun kafin a hura wuta. Me ya sa akuya? Kitsen madararta ƙanana-ƙanana ne, kuma in ta daskare a ciki curinta ya fi na saniya taushi, shi ya sa wasu suka fi jin daɗinta. Amma laktos ɗinta kusan ɗaya ne da na saniya, sama da kashi 4 cikin 100, saboda haka kada ki ce tunda ta akuya ce a rage awa. Wanda kuma madarar saniya ke sa wa borin jini, ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, galibi ta akuya ma za ta yi masa haka. Wannan ba nasa ba ne.

Ina da jajayen awaki biyu irin na Maraɗi a bayan gida, amma in 'ya'yansu sun sha, abin da ke saura da ƙyar yake cika kwano. Sauran ina saye wurin wani dattijo da ke kawowa daga bayan gari. Da damina da kaka madara har ta yi yawa. Daga Maris zuwa saukar ruwa kuwa sai da roƙo. In ba ki da mai kawo miki, ki shiga kasuwar Lahadi wajen 'yan awaki ki yi tambaya, ba za ki rasa wanda zai haɗa ki da mai tatsa ba.

Abu uku nake tambaya kullum, har dattijon ya haddace. Na farko allura. Wata rana na yi komai daidai, awa 24 ta cika, na buɗe kwalba na tarar da madara tsululu kamar yanzu aka tatso. Da ya zo na ce, "Baba, ko an yi wa awakin allura kwanan nan?" Ya ce, "Ƙwarai 'yata, guda na tari, shekaranjiya aka soka mata." To maganin da ke kashe ƙwayar cuta a jikin akuya yana fitowa ta nono, ya kashe irin da kika zuba. Na biyu haihuwa: dakashi, madarar kwanakin farko, ba ya yin kindirmo, yana curewa a wuta, a jira sati. Na uku bunsuru. In yana kwana tare da awakin da ake tatsa, warinsa na bin gashi ya shiga ƙwarya. Yawancin masu cewa ba sa iya shan nonon akuya saboda ƙarni, nonon da aka tatsa kusa da bunsuru aka bari a rana suka sha.

In kina zargin an ƙara ruwa, ɗiga ɗigo guda kan farcen babban yatsa. Mai kyau yakan tsaya a dunƙule, mai ruwa ya gangare.

Maganar iri

Abin da ake so shi ne yawur fari, marar sukari, marar ƙamshi, wanda a jikin robarsa ba a rubuta komai ba sai madara da ƙwayoyin tsami, kuma kwanansa bai kusa ƙarewa ba. Na leda mai zaƙi da yara ke tsotsa ba zai yi ba. Masu bin tsarin sau da ƙafa suna guje wa wanda aka rubuta bifidus, wani nau'in ƙwayar tsami, a jikinsa. A nan Tawa samun farin yakan yi wuya, sai manyan kantuna, wani lokaci sai na yi saƙo daga Yamai cikin ƙanƙara. Akwai kuma iri na gari a 'yan fakiti, wanda ya fi jure tafiya. In kin samu, ki bi awon da aka rubuta.

In duk babu, kindirmon gida mai tsabta, na jiya, daga hannun wadda kika yarda da ita kuma kika san tana dafa madararta, zai kama. Amma tukunyar farko ki bar wa masu lafiya, ki ga yadda ta fito tukuna.

1. Ƙona kayan

Ki wanke kwalabe da murafe da ludayi da sabulu, ki ɗauraye sosai, sannan ki zuba musu tafasasshen ruwa, ki kife su kan tire su bushe da kansu. Kada ki goge da tsumman kicin. In kwalbar da sanyi, fara ɗauraye ta da ruwan ɗumi, in ba haka ba ta tsage.

2. Tacewa da dafawa

Tace madarar da ƙyalle, za ki yi mamakin gashin da zai fito. Ɗauraye tukunya da ruwa kada ki tsane ta, wannan 'yar lemar na rage kamun gindi. Ɗora kan wuta kaɗan. In gawayi ne, bari ya ruru ya kwanta, ki barbaɗa masa toka. Ki tsaya a kai kina motsawa a hankali har ƙasa. Madarar akuya ba ta son garaje, ba ta son bugu, kuma in ta kama gindi ƙaurin ba ya fita ko me kika zuba.

Ana so ta kai digiri 82 zuwa 85, ki riƙe ta a nan kamar minti 10. Riƙewar na sa nonon ya fi kauri. In ba ki da ma'auni, alamar ita ce tururi na tashi sosai, ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, saman ya fara rawa. A shawarata, marar ma'auni ta bari ta taso sau ɗaya sannan ta sauke. Nonon zai ɗan rage kyau, amma ta tabbata ya dahu.

Kada wani ya ce miki ɗanya ta fi albarka. Ɗanyar madarar akuya na ɗauke da cutar da ke sa dabbobi ɓari, wadda in ta kama mutum sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi na watanni. Mu nan jihar Tawa mun kuma ga zazzaɓin Rift a 2016, wajen Cintabaraden da Tasara, ya kashe dabbobi da mutane, kuma shan ɗanyar madara na cikin abin da ma'aikatan lafiya suka yi ta hanawa lokacin.

3. Sanyayawa

Rufe tukunyar ki tsoma ta cikin robar ruwan randa, kina canza ruwan in ya yi ɗumi. Ledar ƙanƙara guda tana gaggauta aikin. Kada ki bar ta a buɗe a tsakar gida ta huce da kanta, musamman da hunturu, ƙura da ƙuda za su riga ki zuba nasu irin.

Ki sauko da ita zuwa digiri 40 zuwa 43. Ba ma'auni? Ɗebo da cokali ki ɗiga a cikin wuyan hannunki. Ki ji ɗumi kaɗan sama da na jiki, kamar goshin yaro mai zazzaɓi. In ta cije ki, da saura. Gara ta fi sanyi kaɗan da ta fi zafi, domin sanyi jinkiri kawai yake kawowa, zafi kuwa kashe irin yake yi. Yanar da ta taru a sama ki kwashe.

4. Zuba iri

Ga kowace lita, cokali 4 na cin abinci, wato kusan cikin ƙaramin kofin shayin 'yan fada. Kada ki antaya shi kai tsaye cikin tukunya. Zuba shi a kofi, ƙara ludayi guda na madarar, dama har gudaji su mutu, sannan ki juye ki motsa a hankali. Sababbin hannu sukan ƙara iri da yawa wai don ya yi kauri. Ba ya yi, sai ma ya fito da tsaki-tsaki yana tsatsar ruwa.

Zuba a kwalabe, ki bar ɗan wuri a sama, ki rufe. Ni nakan cika wata 'yar ƙaramar kwalba daban, za ki ga amfaninta.

5. Awa 24

Wannan shi ne aikin, sauran duk share fage ne. Jera kwalaben cikin gilasiya, zuba ruwa mai ɗumin digiri 43 har ya kai kafaɗarsu ba tare da ya taɓa murfi ba, rufe, ajiye inda ba mai tuntuɓe da ita. Rubuta lokacin da kika rufe. In madara ta iso da hantsi, nakan rufe wajen ƙarfe 9, in buɗe ƙarfe 9 na washegari. Dubawa kuma da salloli nake haɗa ta don kada in manta: azahar, magariba, bayan lisha kafin in kwanta, da asuba. In ruwan ya sauka ƙasa da 38, kwashe kofi biyu ko uku, mayar da mai zafi ta gefe, kada ya zuba kan kwalba, auna, rufe. Kada ki girgiza kwalaben, kada ki buɗe don leƙe.

Yanayin garinmu kuwa kowane lokaci da nasa hali. Da dari, Disamba da Janairu, sanyin asuba na zuƙe ɗumin gilasiya. Ki naɗe ta da bargo, ki ɗora ta kan tabarma ko katako, kada ta zauna kan siminti, ki kuma cika falas da ruwan zafi tun dare don kada ki tashi hura wuta da asuba. Ruwan kafin kwanciya shi ne mai muhimmanci, ki kai shi 43 cif.

Da bazara abin juyewa yake yi. Afrilu da Mayu garin kansa ya kai ɗumin da ake nema, har ya wuce. A bazarata ta farko na ce ai ba sai gilasiya ba, na ajiye kwalabe a ɗakin ajiya mai rufin kwano na kulle. Da la'asar na shiga, zafi ya mare ni a fuska, na ɗaga kwalba na ga farin curi a ƙasa, ruwa kore-kore a sama. Lita biyu ta tafi, a lokacin da madara ke tsada. Tun ranar ko da bazara cikin gilasiya nake sawa, domin yadda take tsare ɗumi haka take tare zafin waje. Ruwan digiri 40 ya isa, a ɗakin ƙasa ko mafi inuwar ɗaki, kuma da azahar abin da za ki duba shi ne kada ya haura 43. In ya haura, kofin ruwan randa.

Wadda ba ta da gilasiya ta sa kwalaben cikin babbar tukunya mai ruwan ɗumi, ta rufe, ta cusa cikin kwali ko kwando da aka shimfiɗe da tsofaffin zannuwa ta kowane gefe. Sai dai ta riƙa dubawa duk awa uku ko huɗu. Falas mai faɗin baki, irin na abincin asibiti, shi ma yana yi in lita guda ce, amma ki fara ɗumama cikinsa da ruwan zafi. Injin yawur na lantarki ban ba shi amana ba. Wasunsu tun kafin awa 24 suke mutuwa, ga ɗaukewar wuta, kina barci ba ki san awa nawa ya yi a sanyi ba.

In ɗumi ya faɗi na 'yan awoyi, ba a zubarwa: gyara ruwan, ki ƙara waɗannan awoyin a ƙarshe. Amma kada jimilla ta wuce awa 30, daga nan ƙwayoyin sun fara mutuwa.

'Yar ƙaramar kwalbar nan, ita a awa 7 ko 8 za ki cire ta, da zarar ta kama. Irinki na gaba ke nan. Na awa 24 ya gaji, tsami ya raunana shi, ba ya kamawa da ƙarfi. Ki sa ta firigo in za ki yi amfani da ita cikin kwana huɗu, ko ki daskarar da ita a 'yan ledoji. Bayan zagaye uku ko huɗu ki nemo sabon iri. Wannan dabarar ce kuma mafita ga wanda ba ya son na saniya: tukunyar farko da aka yi da irin saniya ta iyali, ta biyu da aka yi da irin akuya tasa.

6. Kwantarwa

Fito da kwalaben a hankali, goge, sa a firigo awa 8 ba tare da kin motsa ba. A nan yake ƙarasa kama jikinsa. In babu firigo, zubar da ruwan gilasiyar ki sa ƙanƙara. In ita ma babu, jiƙaƙƙen yashi a gindin randa da jiƙaƙƙen buhu a kai, amma fa sai ki riƙa yin kaɗan, abin da za a shanye a yini guda. A firigon da wutarsa ba ta yawan yankewa yana kai sati biyu. Ni da irin wutarmu ba na bari ya wuce kwana 6.

7. In kina son kauri

Kada ki sa rai zai tsaya kamar kindirmon Fulani da ake yanka da ludayi. Na akuya ruwa-ruwa yake fitowa, halinsa ne, ba kuskurenki ba. Masu sayarwa na ƙara madarar gari ko sitaci ko kuka. Madarar gari laktos take ƙarawa, sitaci kuwa tsarin ya hana. Hanya mai tsabta ita ce tsanewa. Shimfiɗa dafaffen ƙyalle kan rariya, ɗora kan kwano, juye nonon, rufe, sa a firigo. Awa 3 ya yi kauri, in ya kwana ya zama kamar cukun da bai bushe ba, ana shafa shi. Lita 2 takan dawo kusan guda. Ruwan da ya tsane nakan dama wa yara fura da shi.

Yadda za ki gane ya yi, da yadda ake sha

Mai kyau fari ne tas, ƙamshinsa tsami mai tsabta, ɗanɗanonsa har yana kama haƙori. Ran da surukata ta fara ɗanɗanawa ta yamutsa fuska ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai magani ne." Na ce, "Inna, ai shi ake nema." In bai yi tsami sosai ba, ɗumi ya yi ƙasa, laktos na nan, a ba masu lafiya. In yana yauƙi kamar kuɓewa, ko murfi ya kumbura yana huci, ko yana warin giya, ko kin ga ɗigon ja ko kore ko baƙi a sama, zubar da kwalbar duka, kada ki kwashe saman ki ce ƙasan lafiya.

Mai ciwo ya fara da ƙaramin cokali guda a rana. In kwana biyu ko uku ba kumburi ba zawo, a ninka, a haka har ya kai kofi. In ciwon ya taso, ana ganin jini, a dakata a tambayi likita. Jaririn da bai shekara ba, ba a mayar masa da nonon akuya madadin na uwa, zuma kuwa ko lasa ba a ba shi.

Abin da ya fi yi wa maigida wuya shi ne shan nono ba fura. Mutumin Adar, wato yankinmu na Tawa, ka miƙa masa ƙwarya ba gero, kamar ka ba shi takalmi ƙafa guda ne. Watannin farko sai ya riƙa juya cokali yana kallon ta yara. Abin da ya karɓa daga baya shi ne cokalin zuma ta gaskiya, wadda ba a haɗa da sukari ba, da ayabar da ta nuna har ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, a murƙushe ta ciki. Lokacin mangwaro, mangwaro marar zare. Da azumi kuwa dabino biyu nake jiƙawa tun la'asar, in cire ƙwallon, in dama da tsanannen nonon, shi yake fara sha in an kira magariba.